'Yar Dutse a Bangon Hindawiyya

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar fure shi ne tankaɗen ƙasa. Wata huɗu cur ina tankaɗe, ban taɓa ganye ko ɗaya ba. Saboda ke na fara da wannan, Safiyya jikata, ke da abokan aikinki na shagon furannin nan mai sanyi kamar firji. Ran nan da kunnena na ji kina gaya wa ƙawarki wai sana'ar fure ba ta da wuya: kwali ya zo daga filin jirgi, a buɗe, a datse gindi, a naɗe da takarda mai ƙyalli, halas. To amaryata, zauna. Ajiye wayar nan, ba gudu za ta yi ba. Ku ma samari ku matso.

Ni a Mai Wurno aka haife ni, can Sudan, bakin kogi. Na sauka Jidda ina saurayi, na yi shekara biyu ina dako a tashar jiragen ruwa, har ranar da wani buhun shinkafa ya nuna mini cewa bayana ba na dako ba ne. Ina kwance ina jinya a unguwar Hindawiyya sai maƙwabcinmu ya ce akwai wani tsoho mai mashtal, wato wurin rainon shuke-shuke, a bayan masallacin unguwa. Yana neman ma'aikaci, amma duk wanda ya je sati guda yake yi ya tsere. Na ce ni da na ɗauki buhu, fure ne zai gagare ni? Kin ji, irin maganarki ce sak.

Sunan tsohon Ammu Salih, wato Baffa Salih. Balarabe ne na kan duwatsun bayan Ɗa'ifa, gajere, ƙashi da fata, amma in ya ƙwala maka kira daga ƙarshen mashtal sai kajin maƙwabta sun watse. Shi ya zama kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini a hukuma, shi ya gyara mini iƙama, takardar izinin zama, kuma duk duniya ba wanda ya zage ni kamarsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar farko ya miƙo mini rariya ya nuna mini tudun ƙasa ya ce, "Yalla, ya Harun." Na tankaɗe har la'asar. Ya zo ya damƙi ƙasar ya matse a tafinsa, ya buɗe hannu, ta tsaya a dunƙule. Ya ce, "Jaki! Wannan ta ginin tukunya ce. Ƙara yashi." Washegari na ƙara yashi, ya matse, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Jaki! Raƙumi za mu shuka?" Ƙasar da yake so ita ce wadda za ta dunƙule a hannu, in ka taɓa ta da yatsa ɗaya ta wargaje. Wata huɗun nan abin da nake nema ke nan.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai rariya biyu, mai manyan ido da mai ƙanana. Akwai almakashi, da 'yar wuƙar auren reshe wadda ba ta fi yatsa ba, da ita ake tsaga reshen lemo mai daɗi a aura wa gindin lemo mai ƙarfi. Wuƙar nan sai da na shekara uku kafin ya bari na riƙe ta. Sai butar ban-ruwa, da gwangwanayen madara da muke hudawa mu yi reno a ciki. Amma babban kayan aiki harshe ne. Ruwanmu na wayit ne, tankar da ke kawo ruwa gida-gida. In wayit ta tsaya a ƙofa, Ammu Salih ba ya bari a sauke tiyo sai ya tara hannu ya kurɓa, ya juya a baki kamar mai kurkure, ya tofar. In ya ji gishiri ko kaɗan ne, sai ya kaɗa wa direba hannu, ko da kuwa shuke-shuke sun yi yaushi. Haka ya koya mini. Har yau ba na iya shan ruwa a gidan mutane ban juya shi a baki ba. Hajiya Mairo, kakarki, ta sha jin kunya a gidan biki saboda wannan.

Masu saye kuwa kala-kala. Akwai ango da zai zo da hantsi a gigice yana neman sarƙar full, farin furen nan mai ƙamshi da ake rataya wa amarya, alhali full da sassafe ake tsinke shi tun bai buɗe ba, in ya buɗe ya gama aure. Akwai wata Hajiya 'yar Cadi da ta dawo mana da tukunyar raihan, wato ɗoɗɗoya, sau uku a mace, tana cewa mun sayar mata da mara lafiya. Da na bi ta gida na duba, ashe duk alwalar da za ta yi a kan tukunyar take yi, sau biyar a rana, don shukar ta samu albarka. Na ce, "Hajiya, albarkar ta yi mata yawa, a bar ta da ta asuba kawai." Ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma raihan ɗin nan ya rayu har ya kai ƙugu.

A shekarata ta huɗu Ammu Salih ya ce in shirya, za mu ƙauyensu. Muka hau dutse a tsohuwar motarsa, hanya tana nannaɗewa, kunnena ya toshe, sanyi ya kama ni. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ban taɓa ganin gajimare a ƙasan ƙafata ba sai ranar. Muka ajiye mota muka taka kamar awa guda, har muka isa wani wuri da dutse ya yanke tsaf, ƙasa can nesa ba a ko ganin gindinta. Ya ce in cire takalmi. Ya ce in kwanta rub da ciki in leƙa. Na ce, "Ammu, ina da uwa a Mai Wurno." Ya ce, "Kwanta, jaki, ina riƙe da ƙafarka."

Na kwanta, ya kama idon sawuna biyu, na zura kai. A cikin wata tsaga da ko yatsa ba zai shiga ba, sai ga wani ɗan cunkus na ganye sirara, launin toka-toka, da furanni guda huɗu ko biyar a kan dogayen tsinkaye. Kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, ruwan hoda mai haske, bakinsa a tsattsage kamar haƙoran mataji. Ƙaranful ne, dangin wannan da kuke sayarwa a dami, amma na daji. Naku manya ne masu kyau, sai dai in ka sa hanci ba ka jin komai sai sanyin kwali. Wannan kuwa da iska ta kaɗa sai na ji kamar an buɗe gwangwanin kanumfari a cikin zuma. Wallahi na manta da ramin da ke ƙasana. Ammu Salih ya ce daga bayana, "Bintul jabal ke nan, 'yar dutse. Duk ƙasarmu a fuskar dutsen nan kaɗai na san ta. Ba a tuge ta, ba a tsinke ta. In ƙwanso ya bushe, ka ɗauki ɗaya ka bar mata sauran."

Ashe duk shekara abin da ke kai shi ke nan. Yakan fasa ƙwanso ɗaya ya zuba irin a kwalin ashana, baƙaƙe ƙanana kamar riɗi, ya sauko da su Jidda ya shuka. Tun kafin in zo yake yi, kuma ba ta taɓa yi masa fure ba. Mun ba ta ƙasar da na fi kowa iya tankaɗewa. Mun ba ta takin tumaki da ya shekara. Mun ɗebo mata ƙasar dutsenta a buhu. Takan tsiro ta yi ganye huɗu, ta dube mu, ta kwanta. Duk shekara sai ya juye tukwanen yana zaginta yana zagina, sannan ya ce, "Baɗi, in sha Allah."

Yanzu ga mummunar shekarar. Kowace sana'a tana da tata. Da muka hau dutse a ƙarshen zafin shekarar, sai muka tarar da manyan motoci suna fasa sabuwar hanya, an riga an ci rabin fuskar dutsen. Gindi ɗaya ya rage da ƙwanso busasshe. A karon nan ni na riƙe ƙafarsa, shi ya zura hannu, kuma bai bar mata komai ba, don ya san ba za ta kai wata ba. Bayan sati biyu ciwon sukari ya kama masa ƙafa, aka ce sai an kwantar da shi asibiti. Kafin a sa shi a mota ya kira ni ya danƙa mini kwalin ashanar ya ce, "Ya Harun, babu wani bayan wannan. Ka ɓoye shi inda zafi ba ya kai, inda laima ba ta kai, sai sanyi ya shigo mu shuka."

To a nan ne Mai Wurno ta yi mini aiki. Mu a gidanmu duk abu mai daraja ramin bango ake sa shi. Allurar innata a ramin bango take, goron babana a ramin bango, har takardar makarantar wana. Ɗakin da muke zaune ni da Hajiya a cikin mashtal kuwa kamar tanda yake da rana. Na bi wurin nan kaf ina dafa hannu ina neman sanyi, sai na same shi a bangon gidan maƙwabcinmu, wanda ya yi mana iyaka. Tsohon gini ne na mangabi, dutsen nan fari mai ramuka da ake haƙowa a bakin teku, in ka duba da kyau har bawon katantanwa za ka gani a jikinsa. Fuskarsa tana kallon arewa, ga inuwar dalbejiya. Na samu rami daidai ƙirjina, na tura kwalin can ciki, na toshe da tsumma. Na koma ina jin ni mai dabara ne.

Bayan wata biyu aka sallamo Ammu Salih da sanda, sun cire masa yatsu biyu. Iska ta fara sanyi. Ya zauna a kujerarsa ya ce in kawo. Na je na zare tsumma na jawo kwali, sai na ji shi sakayau. An ci kusurwarsa. Na buɗe, ko ƙwaya ɗaya babu, sai tururuwa biyu da suka fito suna kallona. Na tsaya a wurin har ya sake kira, sannan na je na durƙusa na miƙa masa kwalin a buɗe.

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Ya juya kwalin a hannunsa, ya miƙo mini abina, ya ce a hankali, "Ashana ɗaya na ba ka ajiya, ya Harun. Ashana ɗaya." Daga ranar bai ƙara ce mini jaki ba. Sai "min fadlak", sai "shukran", kamar baƙo ya shigo sayen tukunya. Ku ba za ku gane ba, amma ban taɓa jin abu mai ciwo kamar ladabin tsohon nan ba. Hankalina ya rabu biyu, har wata rana na bar wayit ta sauke ruwa ban ɗanɗana ba, ashe mai gishiri ne, layin full guda ya ƙone ƙurmus. Ya zo ya duba ya ce, "Ma'alesh," wai ba komai. Na shiga bayan buhunan taki na yi kuka.

Aka yi ruwan sama sau biyu a sanyin shekarar. Sallah ta matso, Hajiya ta ce ita ba za ta karɓi baƙi da bango kamar na kango ba, ta dama farar ƙasa za ta shafe. Ina can ina dashe sai na ji ta ce, "Malam, miƙo mini wuƙa, wata ciyawa ce a bangon nan ta ƙi fita. Na cire biyu, ta ukun taurin kai gare ta." Na zo da wuƙar a hannu. Ƙasa da ramin da na sa kwalin, kamar taƙi ɗaya, a cikin wata 'yar tsaga, na ga ganye sirara launin toka, biyu-biyu a kan gaɓa. Na kurma ihu na riƙe mata hannu. Ta ce, "Innalillahi! Maciji ne?" Na ce, "Mairo, in kika taɓa ciyawar nan, ni da ke sai Mai Wurno a ƙafa." Na tsuguna na tsince biyun da ta yar, sun riga sun tafi. Saura ɗaya tal.

Ban gaya wa Ammu Salih ba. Ganye huɗu mun sha gani, kuma ba zan iya kashe masa ita sau biyu ba. Na jingina wani karyayyen akwatin katako a gabanta. Ban ba ta ruwa ba, ban ba ta taki ba, don ban ma san ta inda zan ba ta ba. Kullum da safe in leƙa, in ƙirga ganye, in mayar da akwati. Hajiya ta shafe bangon duka ta bar wurin, ya zama kamar an yi wa bango faci.

Wata safiya bayan mun dawo daga sallar asuba, yana tafe yana dogara sanda ina bayansa, sai ya tsaya cak a tsakiyar mashtal. Ya ɗaga hanci. Ya juya dama, ya juya hagu, ya bi iska kamar mai neman inda ake suya. Ya isa bango ya sa sanda ya ture akwatin. Fure ɗaya ne, ya buɗe a daren. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya jingina sanda, ya dafa bango da hannu biyu, ya sa hancinsa. Da ya juyo, gemunsa a jiƙe, ya cika ƙirji ya ce, "Jaki! Jaki ɗan jaki! Wata nawa kana ɓoye mini?" Kajin maƙwabta suka watse. Hajiya ta leƙo daga ɗaki ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye ina dariya kamar an yi mini bushara da Makka, ko da yake ga ta nan kusa.

Ranar bai karya ba sai da ya gano dalili. Ya bi bangon da ido har sama, ya ga mukayyif ɗin maƙwabci, na'urar sanyaya ɗaki, tana ɗiga ɗis, ɗis, ruwan yana bin dutsen yana shigewa ramukansa. Ya tara yatsa ya lasa ya ce, "Babu gishiri ko ƙwaya." Ya ce, "Ka gani? Ba ta son ƙasa. Dutse take so, da inuwa, da ruwa mai daɗi kaɗan-kaɗan kamar raɓa. Shekara talatin ina yi mata shimfiɗar amarya, tururuwar da ta kwashe irin ta kai tsagar nan ta fi ni sanin aiki." Daga ranar, duk Juma'a sai ya zuba cokalin sukari a gindin bangon, wai haƙƙin ma'aikata. Ni kuma na shiga bin gidaje da jarka ina tarar ruwan mukayyif saboda shuke-shuke masu laulayi. Mutanen unguwa suka ce Haruna ya taɓu, daga baya su suka riƙa aiko mini da nasu.

Kada ku tambaye ni yadda ta jure zafin Jidda, ni ma ban sani ba. Da bazara takan bushe ta zama kamar tsohuwar tsintsiya, ka rantse ta mutu, sanyi na shigowa ta farfaɗo. Mun gwada irinta a wasu ramukan, mun gwada a wasu bangaye, ta ƙi. Nan ɗin da tururuwa ta zaɓa, nan kaɗai. Ammu Salih ya sha ƙamshinta shekara tara kafin Allah ya karɓi abinsa. 'Yarsa Ummu Faisal, wadda ta yi aure can ƙauyensu, ta ce in ci gaba da riƙe mashtal. Na ci gaba, har da sukarin Juma'a.

Sai shekarar da aka sanar za a rushe ɓangaren unguwarmu a yi sabon tsari. Kin tuna, kina makarantar sakandare. Kowa ya shiga ɗaure kaya. Tukwane ba su dame ni ba, na rarraba su, wasu na kai wa abokan sana'a. Amma yaya ake tashi da abin da ke cikin bango? Na sa siririyar waya na bi saiwar a hankali, na ga ta ratsa dutsen da take ciki, ta shiga na ƙasansa, ta leƙa na gefe. In na ja ta, ta mutu. In na bar ta, kwana shida suka rage.

Na tafi wurin Tanimu, abokina tun zamanin dako, mutumin Damagaram, wanda ya tsufa a tashar jiragen ruwa yana ɗaure kayan da ba a so su motsa. Ya zo ya dubi bango, ya dube ni, ya ce, "Malam Haruna, mutane na fitar da firji da gado, kai bango za ka ɗauka?" Na ce dutse uku kawai. Ya ce, "Bon. Nemo zarto da katako da buhun algarara." Maƙwabcin ya riga ya tashi, ya ce in ma gidan duka nake so in ɗauka.

Kwana biyu muka yi a kan aikin nan. Mangabi yana da taushi, abin da ya haɗa shi ma laka ce da farar ƙasa, zarton hannu yana cinsa. Muka fara daga sama muna sauke duwatsu ɗaya-ɗaya har muka iso kan ukun. Sannan muka yanka ta gefe da gefe. Wurin yankan ƙasa ne rai ya yi tsanani, don ban san iyakar saiwar ba. Ina ja Tanimu yana cewa, "Dusuma, dusuma, a hankali, ba rago kake yankawa ba." Muka zura katako ta ƙasa, ya kafa wasu ta gefe huɗu, ya ɗaure da irin ƙullin tasha wanda ko jirgi ya yi rawa ba ya saki. Na sa alli na yi alama a fuskar da ke kallon arewa. Muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, tsofaffin 'yan dako shida suka ɗaga da salati suka ɗora a dabbab ɗin Tanimu, 'yar ƙaramar motar kayan nan. Kafin mu tashi na juye wa tururuwa sauran sukarin gidan duka.

Niyyata in kai ta unguwar Mahjar, gidan da muka kama a hawa na uku. Na ma share mata wuri a baranda. Hajiya tana zaune a gaban mota da jakarta a cinya, ta ce, "Malam, barandar nan yamma take kallo. Ko tsumma na shanya minti goma ya bushe." Na ce zan yi mata rumfa. Ta ce, "Kai ma ka sani." Na sani ɗin. Shekara ashirin da wani abu kullum da ita nake fara gaisawa da safe, raina bai so ba ko kaɗan. Tanimu yana jira da hannu a kan sitiyari. Can na ce, "Tanimu, motar nan za ta hau dutse?" Ya ce, "Ba ta taɓa ba, amma ba a taɓa tambayarta ba."

Ta hau, da tari da hayaƙi. A tsakiyar hawa ta yi zafi muka tsaya a gefe, kuma kun san abin da ke zaune a gefen hanyar nan: gwaggon biri, garke guda. Muna zuba wa mota ruwa, sai wani ƙato ya yi tsalle ya haye baya ya kama buhun yana ja. Ga tsinkayen furen a ƙarƙashi! Ni na daskare. Kakarki, da ciwon gwiwarta da komai, ban san lokacin da ta fito ba. Ta cire takalmi ta yi kansa tana cewa, "Sauka, ɗan banza mai jan gindi! Mun tsere wa katafila, kai ne za ka ci mu?" Tanimu ya wurga burodinmu can nesa, garken ya bi, ƙaton ya dire. Tsinke ɗaya ya karye. Muka ƙarasa da yunwa, Tanimu yana dariya har mota tana kaucewa.

Ummu Faisal ta tarbe mu da 'ya'yanta. A bayan tsohon gidan mahaifinta akwai wata 'yar fuskar dutse mai kallon arewa, da wani lungu kamar an auna. Muka zaunar da duwatsun uku a ciki, alamar alli tana inda ya kamata, muka cusa tsakuwa ta gefe, aka kewaye da ƙaya saboda awaki. Ta ce, "Ammu Harun, ruwa fa?" Na ce, "Kada ki ba ta komai. Nan gidansu ne." Muka juyo. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya sai an sake ɗaure katako.

Bara ta kira ta ce in zo, ba ta faɗi dalili ba. Babanki ya kai mu ni da Hajiya. Farin dutsen teku yana nan a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, da bawon katantanwarsa, makiyaya ma wai har tsayawa suke suna tambayar yadda aka yi ya hau. Tsohuwar tana cikinsa ta yi fure. Amma ba ita aka kira ni in gani ba. Ummu Faisal ta nuna mini ƙasa da shi, inda dutsen ya gangara. A tsagar nan ɗaya, a waccan biyu, can gaba wasu, duk a cikin dutsen ƙasarsu, ba wanda ya shuka. Na ƙirga har sha ɗaya idona ya cika na bari.

Na cire takalmi na kwanta rub da ciki, da tsufana da komai. Hajiya ta ce, "Za ka faɗa, tsoho," ta kama idon sawuna. Iska ta kaɗo, ƙamshin nan ya shige ni har ƙirji. Na sa hannu a aljihu na ciro kwalin, wanda tururuwa ta ci wa kusurwa, don ban taɓa yar da shi ba. Na miƙa hannu na tura shi cikin ramin farin dutsen, na ce da ƙarfi, "Ammu Salih, ga ashanarka."

Sai na yi shiru a kwance, ina jira a ce mini jaki.